Amsa: me ya kai wasannin Sikotland garin Waipu?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa Waipu, ƙaramin gari a Niyu Zilan, yake bikin 'yan Sikotland, maza sanye da siket suna jifa da gungumen itace. Ai mutanen garin jikokin 'yan Sikotland ne.

Labarin ya faro da wani limamin coci, Norman McLeod, mutumin yankin Assynt a Sikotland. A 1817 ya ƙaura zuwa Nova Scotia a Kanada, jama'arsa suka biyo shi, suka share daji a wani wuri can mai suna St Ann's suna noma da kamun kifi. Shekara talatin ana haka, sai cuta ta lalata dankali, yunwa ta shigo, suka yanke shawarar sake ƙaura.

Abin da ya fi burge ni shi ne da hannunsu suka sassaƙa jiragen ruwan da suka yi tafiyar. A 1851 McLeod, yana da shekara saba'in da ɗoriya, ya ja su zuwa Ostareliya. Can ma ba daɗi, zazzaɓin taifod ya kashe masa 'ya'ya uku. Daga nan sai Waipu, inda suka sami ƙasar noma, suna hira da Gelik, harshensu na Sikotland.

Wasannin kuwa tun 1871 aka fara su, kuma ranar 1 ga Janairu ake yi.