Ka bar bangon nan ya sha iska tukuna

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ruwan bana ya shiga gidanku na gado can bakin Gulbin Rima, ya kwana a tsakar gida har gwiwa, ya janye ya bar ɗakuna tsaye, sai dai gindin bango ya zaizaye, ɗakin tsohuwarka kuma ya tsage ta kusurwa. Ka ce tun da aka kai ta gidan ƙanwarta ba ta cin abincin kirki, kullum zancenta a mayar da ita ɗakinta, shi ya sa kake son ka yaɓe da siminti, ka shafa fenti, ta koma kafin wata ya mutu. Kana tambayata buhu nawa zai isa.

Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Amma ko buhu ɗaya ba zan lissafa maka ba. Wa ya koya maka liƙa siminti a jikin jiƙaƙƙen bangon ƙasa? Ba dai ni ba. Ko a wayar nan taku da ba ku ajiyewa ko kuna kan tsani ka gano shi?

Bangon ƙasa kaurinsa ya fi kamu ɗaya. Rana ta buge fuskarsa kwana biyu sai ka ga ya yi fari, ka ce ya bushe, alhali cikinsa taɓo ne. Ƙasa ta fuskarta take fitar da damshi. Ka rufe fuskar da siminti, ka toshe wa ruwa hanya, sai ya zauna ciki yana cin bangon, ƙasa tana motsi, siminti ba ya motsi, wata rana filastar ta saki gaba ɗaya ta faɗo da rabin bangon a bayanta. Na ga wannan da idona, kuma har gobe in na tuna raina ɓaci yake yi, domin da kuɗina da sunana aka yi.

A 2010 ne, lokacin kana yawo ba wando. Dab da ƙaramar Sallah, cikin watan Satumba, ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, Gulbin Rima ya tumbatsa ya bi Goronyo da Wurno da Kware har Silame, ya cinye gonaki da gidaje, ya yanke hanyar jami'ar Ɗanfodiyo ta wajen Kwalkwalawa, sai da jirgi ake haye. Bayan ruwa ya ja, duk maginin da ke Sakkwato aiki ya yi masa yawa. Ni ina zamana wani Alhaji ya yi sallama, ba zan kama sunansa ba, ya san kansa. Ɗan kasuwa ne, yana zaune a birni, gidan ubansu na ƙauye ne ruwa ya ci. Ya zauna kan dakalina har da share hawaye, wai a zauren nan mahaifinsa ya yi karatu, ba ya son ya ga an rushe. Na ji tausayinsa, na ajiye aikin wani bene da ake jirana a unguwar Runjin Sambo cikin Sakkwato, na bi shi.

Na iske gida babba, zaure da shigifa da ɗakuna na soro, ginin mutanen da, tubali da ramno, wato ciyawar da ake kwaɓa ƙasa da ita, azara ta giginya baƙa wuluk, ko gara ba ta taɓa ba. Ruwa ya ƙwaƙule gindin bangon gabas har hannuna yana shiga zuwa gwiwar hannu. Na ce masa za a iya ceton gidan, amma da sharaɗi: in tokare azara, in ɗaure gindi da dutse da siminti, sannan a bar bango ya sha hunturu, yaɓe sai bayan nan. Ya ce ya yarda. Da na kawo zancen kuɗin kaya sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, kai dai hwara aiki, kuɗɗi na nan tahe, kayana ne anka riƙe a hanya." Mutum mai babbar riga, da tabon sallah a goshi. Na sayar da bijimin da nake kiwo, na sayi simintin kamfanin Kalambaina na Sakkwato, na biya motar dutse, na riƙa sallamar leburori daga aljihuna duk yamma. A lokacin buhu bai kai naira 2,000 ba, ka dubi abin da ake sayar da shi yau ka gane abin da na zuba.

Na yi aikin da ko yanzu ba na jin kunyarsa. Da na gama ɗaurin gindi na tattara kayana na ce sai iskar hunturu ta yi aikinta. Nan fa rigima ta tashi. Ashe ya sa bikin ɗiyarsa, yana son baƙi su iske gida fes. Ya ce, "Mi kaka jira? Bango ya bushe tun shekaranjiya!" Na ɗauki rodi na soka a bangon a gabansa, na zaro, ga laka nan ta manne masa. Na nuna masa. Ya kau da kai. Bayan na tafi ya samo wasu yara masu arha, irin waɗanda suka riƙe cokali wata uku suka ce su magina ne, suka cire tokaran da na sa domin wai suna tare hanya, suka yaɓe bangon ciki da waje da siminti, aka shafa shuɗin fenti, aka sha biki.

Damina ta zagayo, ruwan farko mai ƙarfi, bangon shigifa ya kwanta cikin dare. Allah ya tsare ba kowa ciki sai awaki biyu. Washegari sai ga saƙo wai ana nemana gaban dattawan gari. Na je da murnata, na ɗauka kuɗina za a ba ni. Sai na ji mutumin nan yana cewa, "Ai shi yaɓ ɓata muna gida, shi za ya biya." Na kama hannun wani dattijo na kai shi wurin, na tone gindin da hannuna na nuna masa: dutsena yana nan daram, ko tsaga babu, abin da ya faɗi daga sama ya ruɓe a bayan filastarsu. Dattawa suka gane, amma sai aka koma ba ni haƙuri. Da na ce to kuɗina fa, sai 'yan'uwansa suka miƙe, wannan ya ce gidan gado ne ba a shawarce shi ba, wancan ya ce shi dama sayarwa yake so a yi, mata suka aiko cewa su ba su san da zancen ba. Takarda babu, shaida babu sai leburorina, su kuma an ce yarana ne. Bijimi ya tafi, benen Runjin Sambo an ba wani, kuma shekara guda ana yawo da ni a bakin kasuwa wai ginina ya faɗi. Har yau in mun haɗu wajen jana'iza shi ke fara miƙo hannu, ko kunya.

Don haka kafin ka taɓa cokali, tara yayyenka da ƙannenka, maza da mata, har wanda ke Legas a kira shi a waya. A faɗi abin da za a yi, kowa ya faɗi abin da zai kawo, a rubuta a gaban kawunku. Don kai ne magini a gidan ba shi ne za ka zama jakin kowa ba.

Sharar laka da buɗe ƙofofi da tagogi ba sai na gaya maka ba. Abin da nake son ka yi shi ne ka bi bango da ƙotar cokali kana ƙwanƙwasawa, duk inda ya yi amon fanko ka ɓamɓare, kada ka ji tausayinsa. Tsagar kusurwar nan ka dube ta da kyau. In ta fi faɗi a sama ta tsuke a ƙasa, gindi ne ya zauna, cusa mata ƙasa aikin banza ne. Ɗan liƙa kwaɓin siminti kamar faɗin tafin hannu a kan tsagar ka bar shi mako biyu. In ya rabe, bangon yana tafiya har yanzu, kada kowa ya kwana ciki. Ka tokare azara tun yau, domin soron da ya sha ruwa nauyinsa ba na wasa ba ne. In ka zo ɗaurin gindi kada ka haƙe bangon daga farko har ƙarshe lokaci guda yadda 'yan gaggawa ke yi, shi ke danne mutane. Haƙa kamu biyu, cike da dutse, tsallake, ka dawo wa na tsakani bayan na farko ya kama. Ka ɗaga dutsen ya wuce inda ruwa ya bar zanensa. In bulo za ku sa a inda ya rushe, ka murza shi da yatsa tukuna, domin masu buga bulo na yanzu buhu ɗaya suke shimfiɗawa har ya manta shi siminti ne. Rijiyar gidan kuma kada a sha sai an yashe ta an sa magani, ruwa ya haɗa ta da masai, daga nan amai da gudawa ke shigowa.

Yaɓe sai iskar hunturu ta busa sosai. Ka ɗaure leda a jikin bango da yamma, ka duba da safe, in ta yi raɓa ta ciki da sauransa. In ya bushe, da ƙasa da ramno za ka yaɓe, ka bi da makuba in za ka samu mai haɗa ta, don na san ku yanzu ko ɓawon ɗorawa ba ku san amfaninsa ba.

Zancen tsohuwa kuwa, ka yi kuskuren fahimtarta. Ba fenti take kuka ba. A ɗakin nan aka kawo ta amarya, a nan ta haife ku, a nan aka yi wa mahaifinku wanka. Na shiga gidaje da yawa bayan ruwa, abin da ke karya tsofaffi shi ne su dawo su iske yara sun tattara komai sun watsar a juji da sunan tsafta. Kada ka jefar mata da ko murfin kwano ba da saninta ba. Akwatinta, tasoshinta, allon mahaifinku, ko sun lalace a wanke a shanya a kai mata ta zaɓa da kanta. Ku kuwa da ruwa ya shigo, na ji labari, hoto wasunku suka tsaya ɗauka suna sawa a TikTok, tabarmar sallar tsohuwa tana yawo a tsakar gida.

Ka ɗauko ta da rana ka shimfiɗa mata tabarma a inuwa ta ga ana aiki. Ta yi faɗa, ta ce ba nan randa take ba, ka ce to Inna. Maƙwabta su zo mata jaje a gidanta, ta dama wa leburori fura in tana iyawa. Da yamma ka mayar da ita. Wanda yake ganin ɗakinsa yana tashi kullum ya fi haƙurin jira a kan wanda aka ajiye nesa ana ce masa an kusa. Kuma da ɗakinta za ka fara, zaure ya jira, ko yayyenka sun ce mene ne. Azarar ɗakin in tana da lafiya ita za ka mayar, za ta gane ta in ta kwanta ta dubi sama. In yara sun riƙa firgita da dare in hadari ya taso, kada a daka musu tsawa, a jawo su kusa, yana wucewa. Kai ma na ji muryarka a saƙon, ba ka barci. Ka ci abinci, magini mai yunwa igiyarsa karkacewa take yi.

Ranar Asabar bayan azahar zan zo in ga tsagar da idona. Ka tanadi diga da rodi guda, ka sa a haƙa mini gindin kusurwar ta waje kamu ɗaya kafin in iso, kada a wuce haka. Kuɗin mota kuma ku za ku biya, zuwa da dawowa, tun kafin in hau.