Tsutsar hanta da sauran tambayoyin masu kiwo

Wani mai kiwo daga Nguru ya rubuto cewa shanunsa da ke kiwo a fadama suna ta ramewa, ƙarƙashin haɓarsu ya kumbura. Ya yi musu allurar ivermectin har sau biyu, babu sauƙi. Da mahauci ya yanka ɗaya, sai aka tarar hantar ta yi tauri, cike da tsutsotsi masu faɗi kamar ganye.

Malam, Allah ya mayar da alheri. Amma kuɗin allurar nan asara ce, kuma na sha faɗa a wannan fili: ivermectin zalla ba ya kashe tsutsar hanta. Aikinsa kan tsutsotsin hanji ne da ƙwarin fata. Wannan da mahauci ya nuna maka, wadda masana ke kira Fasciola, daga dangin tsutsotsi masu faɗi take, magani daban take ji.

Sai ka san hanyarta kafin ka sake sayen komai. Tana zaune a jijiyoyin matsarmama, ƙwanta na fita cikin kashin saniya. In kashin ya faɗa ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan da ya fito dole ya sami katantanwar ruwa cikin 'yan sa'o'i, in bai samu ba ya mutu. A cikin katantanwar yake hayayyafa, ɗaya ya zama ɗaruruwa, su fito su manne a ciyawar bakin ruwa. Saniya ta ci, su huda hanji, su yi makonni suna ratsa hanta suna yi mata rauni, sai bayan kamar wata uku su fara ƙwai. Manoman Ingila sun daɗe suna asarar tumaki ba su san haka ba, sai a farkon shekarun 1880 Algernon Thomas a Oxford da Rudolf Leuckart a Jamus, kowa a nasa ɗakin bincike, suka gano cewa katantanwa ce gadar. Abin da suka gani a madubin ƙara girma shi ne yake faruwa yau a dausayin Hadeja da Nguru, da hanyoyin ban ruwa na Kadawa.

Saboda haka saniya ba ta ɗauka daga 'yar'uwarta kai tsaye, ciyawar bakin ruwa ce ke ba ta. Da rani abin ya fi muni, don lokacin ne kowa ke tura garke inda ya rage kore, katantanwa ma a nan ta taru. In da hali, shayar da su a kwami da ruwan rijiya, ka kauce wa kududdufin da ruwansa ke kwance. Ciyawar fadama da ka yanko, shanya ta ta bushe ƙayau kafin ka ba su.

Magani kuwa, triclabendazole ne ke kashe manya da ƙanana. Albendazole manya kaɗai yake kashewa, kuma ba a ba saniya mai sabon ciki. Nemi likitan dabbobi ya kimanta nauyin kowace, domin ragin awo don a yi tattali shi ke sa tsutsa ta daina jin magani. Ka tambaye shi kwanakin da za a dakata da shan nono da yanka. Wanda ya kawo maka shawarar zuba guba a ruwa don kashe katantanwa, kada ka saurare shi. Tsada gare ta, kifin masunta zai mutu, katantanwar kuma ta dawo da damina.

Hajiya daga Kura tana tambaya ko fitsarin jinin da yaranta ke yi bayan aikin shinkafa daga shanu ne. A'a, Hajiya, tsargiya ce. Danginsu ɗaya da tsutsar hanta, kuma ita ma ta katantanwa take bi, sai dai ta fata take shiga yayin da yaro ke cikin ruwa. Kai su asibiti, akwai maganinta, praziquantel.

Wani daga Maraɗi ya ce ragonsa na ta zagaye wuri ɗaya, kansa a karkace. Dalilan suna da yawa, amma ɗaya daga ciki ƙullin tsutsa ne a ƙwaƙwalwa, kuma daga kashin kare take zuwa ciyawa. Ka daina jefa wa karnuka ɗanyen kan tunkiya, ka ba su maganin tsutsa, ragon kuma a kai shi likita ya duba tun bai kwanta ba.