Saura mako uku jarrabawar JAMB, ban yi karatu ba: in haƙura sai baɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi rajistar JAMB ina neman karatun aikin jinya, sai rashin lafiya ya kwantar da mahaifiyata, ni ce a kanta kusan wata biyu. Yanzu saura mako uku, ban buɗe littafi ba. Darussana su ne Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. In shiga haka nan, ko in haƙura sai baɗi? Daga wata ɗaliba a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Kada ki haƙura, ki shiga. Mako uku ba ya isa a karance littattafan shekara uku na babbar sakandare, wannan gaskiya ne. Amma yana isa ki gano inda maki yake, ki je ki ɗebo shi.

Ki fara sanin abin da za ki tarar. Tambaya 180 ce a cikin minti 120: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. Kowane darasi maki 100 ne, jimla 400. In kin raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Shi ya sa a shekarun da na yi ina koyar da masu shirin wannan jarrabawa, na fi ganin lokaci ya ka da yaro fiye da rashin sani.

Saboda haka kada ki ɗauko littafin Kemistiri ki ce za ki fara daga shafin farko. Gobe da safe ki samu tsofaffin tambayoyin JAMB na shekara guda, duka darussa huɗun, ki ajiye agogo a gabanki, ki amsa su cikin awa biyu ba tare da leƙa littafi ba. Makin da za ki samu zai iya sa gabanki ya faɗi, kada ki damu da shi. Abin da muke nema shi ne tambayoyin da kika faɗi. Ki rubuta kowacce da sunan babin da ta fito. Za ki ga babi biyar ko shida ne suke ta maimaita kansu a kowane darasi, to su ne karatunki na kwana goma sha huɗu masu zuwa. Kullum ki karanta babi, ki amsa tsofaffin tambayoyinsa nan take, wanda kika faɗi ki koma littafi ki ga dalili. Ki kula, amsoshin da ake bugawa a bayan waɗannan ƙananan littattafai na kasuwa ba duka ne daidai ba. In amsa ta yi miki wani iri, littafin makaranta ne alƙali.

A ganina Bayoloji ya kamata ki fi bai wa ƙarfi a makon farko, domin yawancinsa fahimta ne da hadda, makinsa yana saurin tashi. Kemistiri ki riƙe lissafin mol (ma'aunin yawan sinadari), jadawalin sinadarai da sunayen sinadaran kabon. Fiziks ne ba ya son gaggawa. Ki tattara ƙa'idojin lissafinsa a takarda ɗaya, kullum bayan asuba ki warware tambaya goma da su, kada ki ce sai kin iya komai.

Turanci kuwa akwai makin da ɗalibai suke bari a ƙasa, abin yana ba ni takaici. Hukumar JAMB tana ware littafin labari guda, tambaya 10 daga cikinsa suke fitowa. Kwana biyu ya ishe ki karance shi. Ki karanta littafin kansa, ba taƙaitawar da ake yawo da ita a WhatsApp ba. Wasu 10 kuma na lafazi ne, su ma tsofaffin tambayoyi suna nuna salonsu sarai.

Sai kwamfuta. Tun 2015 gaba ɗaya jarrabawar ta koma kanta. In hannunki bai saba ba, ki je cibiyar CBT, wato inda ake jarrabawa da kwamfuta, ko shagon intanet sau biyu ko uku ki yi gwaji. Ba sai kin iya linzamin kwamfuta (maus) ba, maɓallan haruffa sun isa: A, B, C, D na zaɓen amsa, N ki yi gaba, P ki dawo baya, S kuma na miƙa aiki, kada ki taɓa shi sai kin gama. Akwai kalkuleta a jikin allon, ba a shiga da ta hannu, haka waya da agogo. Ki fara da darasin da kika fi iyawa, tambayar da ta cije ki wuce ta ki dawo daga baya. Ba a rage maki don an amsa ba daidai ba, don haka kada ki bar ko ɗaya babu amsa.

Za ki ci karo da masu cewa ki turo kuɗi su ba ki tambayoyi kafin ranar, ko su ƙara miki maki bayan sakamako ya fito. 'Yan damfara ne, kuma wanda aka kama da maguɗi sakamakonsa ake sokewa.

Makon ƙarshe ba na sabon karatu ba ne. Cikakkiyar jarrabawar gwaji ɗaya kullum da agogo, bita, sannan barci isasshe. Da zarar an buɗe fitar da takardar shiga jarrabawa ki buga taki, ki duba rana, lokaci da cibiya. In da hali ki je ki ga wurin ana gobe. Ana tantance ɗalibai da zanen yatsa a ƙofa, don haka ki ɗaga wa lalle ƙafa har sai kin fito. Ki kuma roƙi wata 'yar'uwa ta karɓe ki a wajen Mama ko da awa huɗu ne a yini, waɗannan awowin su ne na karatunki.