Tambaya da Amsa: Tsofaffin Sulalla, Me Za A Wanke, Me Za A Bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun tsinci wani gwangwani cikin kayan kakanmu, cike da kwabbai masu huda da aninai da sulalla na zamanin Turawa. Duk sun yi baƙi. Yayata ta ce a dirje su da lemun tsami da toka yadda ake wa tasar tagulla. Ko haka ya dace? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Don Allah a dakata da lemun tsamin nan. Duhun da kake gani fata ce da ƙarfen ya yi wa kansa cikin shekaru masu yawa, ita ke kare shi, kuma ita masu tara tsofaffin kuɗi ke fara dubawa. Tsamin lemu yana cinye ta, toka da yashi kuma suna barin ƙananan karce da ba sa gogewa har abada. Haka man goge ƙarfe na Brasso da man goge baki. Ka karkata gogaggen sule a hasken taga, za ka ga layuka sirara kamar gashi sun bi fuskarsa. Kamfanonin tantance sulalla na Amurka, irin su PCGS da NGC, da zarar sun ga wannan sai su rubuta cewa an wanke shi, farashinsa ya faɗi.

Ka fara da rarrabewa, domin ba ƙarfe ɗaya ba ne. Kwabo mai huda na farko, tun daga 1907, haɗin jan ƙarfe ne da nikel, sai a 1952 aka koma tagulla. Sule da sisi da taro na 1913 zuwa 1919 azurfa ne, daga 1920 aka sauya su. Ka kuma duba masu shekarar 1936, domin a cikinsu akwai masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a gadon sarautar Ingila ba.

Wanda ƙasa ce kawai ta manne masa, ka jiƙa shi a tataccen ruwa marar gishiri, irin wanda ake zuba wa batir, cikin kofin gilashi, kowane irin ƙarfe da nasa kofin, kana sauya ruwan kullum na kwana uku zuwa bakwai. Ruwan rijiya da na famfo suna ɗauke da gishiri, kada ka yi amfani da su. A kuma yi hattara da ruwan batir na bakin titi, wani akwai asid a ciki, gara a saya a kantin magani. In ƙasar ta yi laushi, ka ture ta da tsinken sakace a hankali, ka ɗora sulen a kan tsumma mai taushi ya sha iska. Ba a goge shi, kuma a gefe ake riƙe shi, domin gumin yatsa yana barin tambari.

Tambaya: Ina da kwabon tagulla na 1956. Wani kore kamar gari yana fito masa, in na kankare, damina na zuwa sai ya dawo, har ya fara yin rami. Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Malam, wannan ita ce cutar tagulla, kuma ita kam ba a barin ta. Koren da ya yi tauri yana sheƙi ba shi da illa. Wanda ke ci shi ne mai haske, mai bin tsinke kamar garin alli. Gishirin kulorayid ne ya shiga cikin ƙarfen tun yana binne ko yana yawo a hannu. In ya samu danshi da iska sai ya haifar da asid, asid ɗin ya ci sabon ƙarfe, ya sake haifar da gishirin. Shi ya sa take lafawa da hunturu, ta farka a watan Agusta.

Ka ware shi daga sauran tun yau. Ka cire garin da tsinke, sannan ka auna giram 25 na sodar wanki, wato sodiyam kabonet, da giram 25 na bekin soda, ka narkar a lita ɗaya ta tataccen ruwa. Ka nutsa kwabon a kwalba mai murfi, kana sauya ruwan duk mako. Ruwan zai riƙa yin shuɗi-shuɗi da farko. Aikin kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma yana iya rage duhun fatar, saboda haka wanda bai kamu sosai ba a fara masa da rabin wannan awon.

Wani zai ce ai wannan haɗin kanwa ce. Gaskiya ne sinadarin yana cikin kanwa, amma ta kasuwa tana tafe da gishiri, shi ne kuwa tushen cutar. Kada kuma wannan ruwan ya taɓa aninin alminiyam na 1907 da 1908, cinye shi zai yi.

Bayan nan ka ɗauraye kwabon sau da yawa, ka tsoma shi a asiton, wani ruwan sinadari mai saurin bushewa, ya kori ragowar ruwa, ka rufe shi a kwalba tare da ƙunshin silika, ƙwayoyin nan da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. Ka sa ido wata guda. In garin bai dawo ba, sai ka shafa kakin kare ƙarfe da ake kira Renaissance Wax kaɗan. Wanda ya yi gaggawar shafa kaki ya rufe cutar ne a ciki tana ci.

Tambaya: Na gaji wata babbar dalar azurfa mai hoton mace da shekarar 1780, an liƙa mata zobe don ratayawa. Na ajiye ta a leda mai laushi, yanzu ta yi wani kore mai danƙo. Daga wata Hajiya a Damagaram.

Amsa: Hajiya, dalar Mariya Tareza ce ta ƙasar Ostiriya, wadda fatake suka yi ciniki da ita daga Borno har Sudan. An ci gaba da buga ta da wannan shekarar ɗaya har zamaninmu, don haka 1780 ba ta nuna ainihin shekarar bugu. Danƙon daga ledar ya fito, irin robar da ake kira PVC. Ki tsoma dalar a tsantsar asiton na minti biyar zuwa goma, a kofin gilashi, a tsakar gida nesa da murhu domin yana kama wuta, sannan ki sake tsomawa a sabo. Kada ki yi amfani da na goge jan farce, akwai mai da turare a ciki. Asiton ba ya taɓa azurfar, baƙin da ya rage kuma ki bar shi.

Zoben ma ki bar shi. In maƙeri ya cire shi zai bar tabo, tabon kuma ya fi zoben muni. Ki sa ta a ambulan ɗin takarda marar asid ko leda mai tauri ta Mylar, nesa da robar ɗaure kuɗi da jarida da ulu, domin su ke baƙanta azurfa.