Tambaya da Amsa: Me ya sa sai an bi da ruwa ta rezin kafin a auna ƙarfe?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibar kemistiri ce, furojet ɗina auna dalma da kadmiyam ne a ruwa, sai sufabaiza ya ce wai sai na fara bi da ruwan ta cikin wani rezin kafin a kai shi inji. Ni dai ban gane ba, tunda ga inji nan meye na wahalar? Kuma rezin ɗin filtar ruwa ba zai yi ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sufabaizanki ba wahalar da ke yake son yi ba, abin da kike nema ne ya yi ƙanƙanta da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha maikirogiram 10 a lita, kadmiyam kuwa 3 kacal, shi kuma maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, to injin AAS, wato injin auna yawan ƙarfe a samfur, mai aiki da harshen wuta, in ya zo nan sai ya fara kame-kame, lambar da zai ba ki ba abin dogaro ba ce. Amma in kika tsiyaya mililita 500 ta cikin rezin, wato ƙananan ƙwayoyin roba da ake durawa a siririn bututu, ya riƙe ƙarfen, sannan kika wanko shi da mililita 5 na asid ɗin naitirik, kin ga ƙarfen ya taru ninki 100 ke nan, inji zai gan shi sarai, daga baya sai ki raba amsar da 100.

Na filta kam ba zai yi ba. Shi musayar ayon, wato ƙwayoyin sinadari masu cajin lantarki, kawai yake yi, duk mai caji da ya zo wucewa cafkewa yake, kuma kalsiyam da magniziyam da sodiyam sun ninka dalmarki sau dubbai, kafin ta samu gurbi sun cika wajen. Shi ya sa ake gyara rezin ɗin, a ɗauko ƙwayoyin polistairin da aka ɗaure da dibainilbenzin, a maƙala musu wasu sinadarai masu naitirojin ko oksijin ko salfa waɗanda ke riƙe ƙarfe ta wuri biyu ko uku lokaci ɗaya kamar awartaki, kuma suna da zaɓe. Chelex 100 da aka fi sani iminodayasitet ne a jikinsa, yana son jan ƙarfe da dalma da nikel da tutiya da kadmiyam fiye da kalsiyam nesa ba kusa ba, tun 1968 Riley da Taylor suka tattaro ƙarafa da shi daga ruwan teku, ruwan da gishirinsa ya kai giram 35 a lita fa. Wasu kuma wani rezin mai suna Amberlite XAD suke ɗauka su maƙala masa abin da suke so da kansu, in zaiba ake nema mai salfa ya fi.

Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne pH, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, nan nake so ki nutsu. In ruwan ya yi tsami sosai ayon ɗin haidirojin ne ke mamaye guraben, ƙarfe ya wuce abinsa ki ce ruwa tsaf yake alhali ba haka ba, wannan dalilin ne ma ya sa asid ke iya wanko shi a ƙarshe. In kuma pH ya haura da yawa ƙarfen ya dunƙule ya kwanta tun bai kai rezin ba. Ga Chelex wajen 5 zuwa 6 ake tsayawa, da bafar amoniyam asitet, wato haɗin da ke hana pH ɗin canzawa. Kuma kar ki buɗe famfon bututun rezin ɗin sosai don sauri, a hankali ruwan zai riƙa ɗiga.

Sai tsafta, ni a ganina ta ma fi tsadar inji muhimmanci, ki jiƙa robobinki a asid, ki bi da ruwa zalla ta duk matakan ki ga me zai nuna, domin rezin bai san bambancin dalmar samfurinki da ta dattin kwalba ba, duka zai ninka miki. Sannan ki zuba dalmar da kika san yawanta a wani samfurin ki ga nawa ta dawo, in ta gaza kashi 90 cikin 100 ki koma kan pH da saurin ɗigar ruwan kafin ki rubuta komai.