Tambaya da Amsa: Na Yi Wata 11 a Hanya da Jakar Goyo, Me Zan Kai Gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan Aboabo a Kumasi, shekarata 27. Na yi shekara biyu ina tara kuɗi a shagon gyaran waya na yayana a kasuwar Kejetia, sannan na ɗauki jakar goyo na fita ganin duniya ta ƙasa. Na ƙetare iyaka a Elubo, na bi ta Abijan da Konakiri, na zauna a Madina Baye da ke Kaulaha, na haye kogin Sanagal a Roso, na kwana a kan jirgin ƙasan tama a Muritaniya, yau ga ni a birnin Fas na Maroko bayan wata 11. Saura mako biyu in hau jirgi zuwa Accra. Kuɗina sun ƙare, ba ni da tsarabar kirki, kuma na san za a ce na ɓata shekara a yawon banza alhali sa'o'ina suna aure suna gini. Yaya zan auna wannan tafiya, kuma me zan faɗa wa mahaifana?

Daga wani mai karatu, Fas.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya dawo mana da kai lafiya.

Ka fara tuna cewa unguwar da aka haife ka sunanta zango, wato masaukin matafiya. Kakanninmu fatake ne da suke tasowa daga Kano da Katsina cikin ayari, a ƙarƙashin madugu, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga a ƙasar Gwanja don sayen goro, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawansu suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Accra. Saboda haka tafiya ba baƙuwa ba ce a gidanku. Sai dai falke ba ya shiga gida sai ya san ribarsa da asararsa, kuma wannan lissafin nake so ka yi a makonni biyun da suka rage maka.

Ka sayi littafin rubutu, ka nemi wuri mai natsuwa, ko da a kusa da zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani ne bayan sallar la'asar, ka bi tafiyar ƙasa bayan ƙasa. Ka rubuta abin da ka kashe da sefa da ugiyar Muritaniya da dirhamin Maroko, ka mayar da shi sidin Ghana, domin ka san ainihin kuɗin da shekarar ta ci. Bayan haka ka rubuta sunayen mutanen da suka taimake ka, da garuruwansu da lambobinsu, tun daga wanda ya shimfiɗa maka tabarma a Madina Baye har direban da ya rage maka hanya bai karɓi ko sisi ba. Ina nanata wannan ne saboda abin da ya same ni. Ina saurayi, a hanyata ta dawowa daga karatu a Sudan, wani tela a Injamena ya ba ni wurin kwana a bayan kekensa har kwana tara, yana raba tuwonsa biyu da ni, amma yau fuskarsa kawai nake tunawa, sunansa ya ɓace mini, kuma abin yana ci mini rai duk lokacin da na zo yi masa addu'a.

Akwai wani dalili mafi nauyi da ya sa nake so ka rubuta tun kana can. Labarin tafiya yana canza kama idan ya shiga majalisar shayi. Wannan jirgin tama da ka ambata yana cin kimanin kilomita 700 tsakanin Zuwerat da Nuwadibu, kuma wanda ya hau saman taragonsa ya san baƙar ƙurar da ke shiga ido da haƙora, ya san sanyin hamada da ke hana barci har gari ya waye. Idan ka ba da labarin sau uku a Aboabo, ƙurar da sanyin za su zube, jarumta kawai za ta rage, alhali a gefen bencin akwai yaro ɗan shekara 17 da ya daɗe yana tunanin hanyar Agadas zuwa Libiya, yana jiran wanda zai ƙarfafa masa gwiwa. Haƙƙinsa ne a kanka ya ji cewa ka tafi da fasfo da katin rigakafin shawara da kuɗin guminka. Ya ji cewa yarjejeniyar ECOWAS tana ba ɗan Ghana damar zama kwana 90 ba tare da biza ba a ƙasashen ƙungiyar kaɗai, cewa Muritaniya ta fice daga cikinta tun shekarar 2000, Maroko kuwa ba mamba ba ce. Ya kuma ji ranakun da ka kwana da yunwa da ranar da ka yi kuka don kewar gida.

Game da mahaifanka, kada ka jira sai ka iso. Ka kira su a wannan makon, ka gaya musu a fili cewa hannunka babu komai, domin kada su gayyaci dangi suna sa ran akwatuna. Idan ba da cikakkiyar yardarsu ka fita ba, ka nemi gafararsu kafin ka fara ba da labari. Tsaraba kuwa ba sai ta yi tsada ba: carbi ga mahaifinka, ɗan turare da dabino ga mahaifiyarka, sun isa su nuna cewa suna ranka. Abin da zai fi kwantar musu da hankali shi ne su ji abin da za ka yi daga ranar Litinin ta farko. Ka yi magana da yayanka kan komawa shago, kuma ka lura cewa Faransancin da ka tsinta a hanya jari ne a Kejetia, inda 'yan kasuwar Burkina Faso da Kodebuwa ke shigowa kullum suna neman wanda za su yi ciniki da shi kai tsaye. Masu cewa yawon banza ka yi za su faɗa na wata ɗaya ko biyu, kuma ban ga amfanin yin musu da su ba.

Kafin ka tashi, ka canza ragowar dirhaminka a can, domin da wuya ka sami mai karɓarsa a nan, kuma ka ajiye katin rigakafin tare da fasfo saboda ana iya tambayarsa a filin jirgi. Ka daɗe a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi ƙaranci, garkuwar jikinka tana iya raguwa, don haka ka kwana cikin gidan sauro, kuma idan ka ji zazzaɓi ka je a gwada jininka a ranar, kada ka ce gajiyar hanya ce. Idan kana da dangi a unguwar Nima ko Mamobi a Accra ka kwana ɗaya a wurinsu, washegari ka kama motar Kumasi da sassafe, tafiyar kimanin kilomita 250 ce, domin ka isa gida da rana tsaka mahaifiyarka ta gan ka da kyau kafin maƙwabta su cika tsakar gida.