Wane motsa jiki ya fi wa mai shanyewar ɓarin jiki?

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce wata biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, ƙafa ba ƙarfi, ga mantuwa, kana tambayar wanne ya fi: tattaki ko atisayen ƙarfafa gaɓɓai.

Kowanne da aikinsa. Tattaki, ko keken motsa jiki na tsaye, zuciya da numfashi yake gyarawa, yana ƙara jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawarar minti 20 zuwa 60, sau 3 zuwa 5 a mako. A fara da minti 10 bayan asuba, kafin ranar Katsina ta buɗe. Na ƙarfi kuwa, kamar tashi da zama daga kujera, sau 2 zuwa 3 a mako ya isa.

Ga mantuwa da tattara hankali, haɗa biyun ya fi a riƙe ɗaya.

Abin da na fi so ku kula da shi hannu ne. Tattaki ba ya koya wa hannu aiki, sai maimaici. Ya riƙe buta, ya ja carbi, ya ɓalle maɓallin riga da hannun da ya shanye, kullum. Na san tausayi zai sa ku yi masa komai, amma ku daure, domin watanni 3 zuwa 6 na farko ne jiki ya fi saurin dawowa.

Kafin ku fara, ku kai shi sashen gashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya a auna hawan jininsa. In ya ji jiri ko ciwon ƙirji, a tsaya nan take.